Wankan 'yan Harajuku, yadda idon tela ya gan shi

Ni dai tela ce, shekara 14 kenan ina kan keke, shi yasa duk inda naje idona baya tsayawa akan gini ko mota, kan suturar mutane yake sauka, in duba yanka in duba kalmasa in ga inda aka yi ha'inci a wibin. To da ƙanena ya gama karatunsa a Tokiyo babban birnin Japan ƙarshen watan Satumba ya dage sai nazo bikin yaye su tunda ciwon ƙafa ya hana Hajiyarmu doguwar tafiya, abu ɗaya na roƙe shi, nace in nazo ka kaini inda 'yan gari suke ɗaukar wanka. Yace Yaya ai unguwar Harajuku zamu, amma ki bari sai Lahadi.

Kafin Lahadin ta zo na ɗan karaya gaskiya. Da safe in muka shiga jirgin ƙasa sai ka rantse makoki za'a, kowa baƙar kwat ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, farar shat, baƙar jaka, kowa kansa a sunkuye cikin waya babu mai ko tari. Ranar 1 ga Oktoba abin ya fi yawa, samari da 'yan mata cike da tasha kamar tela ɗaya ya ɗinka musu, matan ma har ɗaurin gashinsu iri ɗaya, an tufke shi ta baya, takalmi baƙi mai gajeren tsini. Ƙanena yace ɗalibai ne da kamfanoni suka yi wa alƙawarin aiki, yawanci ranar ake tara su a basu takardar, kuma wannan baƙar kwat ɗin ita suke sakawa tun daga fara neman aikin, in ka saka wata kala ka fita zakka. Ya faɗa min wani karin maganarsu, wai ƙusar da ta ɗago kai ita guduma take samu. Nace ikon Allah, ashe suma suna da anko, nasu ma na kullum ne, tun daga yunifom ɗin makaranta har mutum yayi ritaya.

Na riƙe wannan a raina, kuma da ban ga wannan ba wallahi da ban gane abin da na gani ranar Lahadi ba.

Layin Yamanote muka hau, wanda yake zagaye tsakiyar birnin, muka sauka tashar Harajuku. Tashar sabuwa ce duk gilashi, a 2020 aka buɗe ta, wadda aka sani da ta katako ce tun 1924. Kana fitowa ta hannu ɗaya dajin wurin bautarsu ne na Meiji, bishiyoyi dogaye shiru kamar ba cikin gari ba, ɗaya hannun kuma titin Takeshita, wani ɗan siririn layi da tsawonsa bai wuce mita 400 ba amma cunkosonsa sai ka tuna Kwari ana jibi sallah. Kiɗa ta ko'ina, ƙamshin wata wainar fulawa da suke naɗewa da kirim da ayaba, alewar auduga mai kala-kala da ta fi kan mutum girma, shagunan safa da ribon da gashin kanti ja da kore. Ni atamfa na saka ɗinkin doguwar riga, na ɗaura ɗankwalina na yafa babban mayafi, na shirya wa kallo sosai tunda ko a jirgin sama sai da aka kalle ni. Babu wanda ya kalle ni. Ko ɗaya. Wata dattijuwa ce kawai a bakin wani shago ta nuna zanen atamfar ta ce kawaii, ƙanena yace tana nufin tayi kyau.

Muna cikin kutsawa naji ance Hajiya sannu da zuwa. Na waiga a firgice, wani bawan Allah ne baƙi dogo a ƙofar shagon huluna da manyan riguna irin na mawaƙan Amurka, Hausarsa irin ta mutanen Gana, yace shi ɗan Nima ne a Akara, ya daɗe a nan. Ashe akwai 'yan Afirka ta yamma da yawa masu irin wannan sana'ar a layin, 'yan Najeriya da 'yan Gana. Muka gaisa sosai har da tambayar mutan gida, nace masa ni masu kwalliyar nan nake nema da nake gani a hoto, sai ya girgiza kai yace Hajiya nan yanzu baƙi ne suka fi yawa, kowa ya zo neman su da kyamara su kuma sun gudu, ku bi ta lungunan baya.

Gaskiyarsa ne kuwa. Duk tsawon Takeshita waɗanda na gani da shigar da zata tsayar da ni basu fi a ƙirga da yatsu ba, sauran 'yan yawon buɗe ido ne irina.

Da muka tsallaka babban titi muka faɗa lungunan da suke kira Ura-Harajuku, wato bayan Harajuku, sai iska ta canza. Layuka ƙanana, shaguna wasu a ƙarƙashin ƙasa wasu sai ka hau wani siririn bene, babu ihu babu kiran kwastoma. Anan ne a 1993 wasu samari biyu, Nigo da Jun Takahashi, suka buɗe wani ɗan shago mai suna Nowhere, daga nan BAPE ta fito, kayan nan masu kan biri da yaranmu suke sayen jabunsu a kasuwa basu san ma daga wane lungu abin ya taso ba. Na tsaya ina kallon masu wucewa. Wani yaro ya saka wando mai faɗin buje, baƙi, da riga baƙa da ta zarce gwiwa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da gangan aka yanka ta haka, na bi layin kafaɗar da ido naga babu kuskure ko na rabin inci. Wata ta ɗora rigar kimono ta kakanni akan wandon jins da kambas. Wata kuma gashinta gaba ɗaya ƙananan kilif ne na roba, sun fi hamsin, 'yar tsana da tauraro da alewa, har da filasta mai zane a karan hanci, safa uku kala daban-daban a ƙafa ɗaya, abin hannu tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, tana tafiya yana kacau-kacau. Wannan salon sunansa dekora, tun shekarun 1990 ake yinsa. In a unguwarmu ne da tuni yara sun biyo ta da ihu, anan kuwa wani mai kwat ya wuce ta gefenta ko ɗaga ido bai yi ba.

Amma wadda ta tsaya min a rai har yau wata yarinya ce da muka tarar zaune a kan dakali kusa da Laforet, wani dogon kantin kayan sawa da yake nan tun 1978. Shigar da suke cewa lolita tayi, wadda suka ɗauko daga suturar matan Turai na zamanin da, na Ingila da Faransa. Rigar mai dogon hannu ce har wuyan hannu, wuyanta a rufe ruf da maɓallai, siket ɗin ya buɗe kamar ƙararrawa ya sauko ƙasan gwiwa, doguwar safa, safar hannu, wata hula mai ɗaurin haɓa, ga lema ta leshi. Banda fuskarta babu inda ake gani a jikinta. Kalar shuɗi ce mai duhu irin ta baba, an bi bakin da farin leshin auduga. Ni kuwa tun daga nesa na san ba ɗinkin kamfani bane, saboda tattarar ƙugun, inji baya yin tattara haka, akwai hannun mutum a ciki.

Ƙanena ya riga ya gargaɗe ni ba'a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi, suna jin haushin wannan sosai, to sai yaje ya nemi izini da yarensu yace yayata ce tela daga Najeriya tana son ta ga ɗinkin. Yarinyar nan ta miƙe tsaye ta rusuna, kunya kamar ta nutse, sannan da kanta ta kamo bakin siket ɗin ta juyo min cikinsa. Jama'a kalmasar nan da hannu aka yi ta, ɗinki ƙanana a jere kamar an auna da rula, ta waje baka ganin zare ko ɗaya. Ta saka shafi mai laushi, ta rufe duk wani haɗi yadda ba zai zare ba, cikin rigar ya kai wajenta kyau, abin da nake ta fama da yarana a shago akai kenan kullum. A ƙarƙashi akwai fatari mai kumburi hawa-hawa shi yake ɗaga siket ɗin. Tace wata uku tayi tana ɗinka ta, da daddare in ta dawo daga aiki, a wani ofis take aikin lissafi, Litinin zuwa Juma'a baƙar kwat take sakawa kamar kowa.

Nace ya tambaye ta biki zata je ne? Tace a'a. Saurayi zata haɗu da shi? Ta rufe baki tana dariya tace a'a, samari ma da yawa basa son wannan shigar. To wa kika yi wa? Ta ɗan yi shiru sannan ta nuna ƙirjinta. Ƙanena ya fassara min, yace wai kwana biyar na kamfani ne, yau ɗaya ita ce da kanta, zata sha shayi ita kaɗai ta zaga ta koma gida.

Wallahi sai da jikina yayi sanyi. Shekara 14 ina ɗinki, zan iya ƙirga matan da suka taɓa shigowa shagona suka ce min ga abin da raina yake so. Kusan kowa da hoto take zuwa a waya, Anti irin wannan zaki min sak, na jikin wance da ta saka a bikin wane. In ka ce mata wannan yankan ba zai karɓi jikinki ba sai tace ai shi ake yayi. Lokacin biki kuwa yadi ɗaya mata talatin, wata bashi ta ci ta fitar da ankon don kar ace bata yi kara ba, ta saka sau ɗaya ta jefa ƙasan akwati. Ba wai ina kushe anko bane, ni da nake ci da shi, kuma akwai zumunci a cikinsa, ranar da aka yi bikin ƙanwata da naga dangi sun fito kala ɗaya sai da nayi hawaye. Amma dai mu yawancin wankanmu na idon mutane ne, a kece raini, a ce wance ta saka mai tsada. Ita wannan yarinyar babu wanda take jira ya yaba, hasali ma ta san a jirgi wasu zasu ɗauke kai, ta kuma zauna wata uku tana kalmasa da allura a inda babu mai gani.

Ita ma ta taɓa atamfata, ta tambayi yadda nake ɗaura ɗankwali baya zamewa ba tare da fil ba. Na kwance na sake ɗaurawa a gabanta a ƙarƙashin mayafi, tana tafa hannu a hankali.

Daga nan muka gangara bakin lambun Yoyogi. Tun daga nesa kake jin kiɗan Amurka na shekarun 1950, wasu maza ne sanye da baƙar jaket ɗin fata da matsattsen wando, gashi an tayar da shi da mai kamar zankon zakara, takalma duk sun cinye an naɗe su da baƙin salatif, suna ta juyi a da'ira. Da na matso sai naga ashe da yawansu ba yara bane, akwai masu furfura. Ƙanena yace duk Lahadi in babu ruwa suna nan. Shi ya bani tarihin wurin muna zaune, yace filin nan bayan yaƙin duniya na biyu gidajen sojojin Amurka ne da iyalansu, shagunan unguwar suka fara sayar musu da kaya, matasan Japan suna zuwa leƙen yadda Amurkawa suke shiga. Da aka zo wasannin Olamfik na 1964 aka mayar da gidajen masaukin 'yan wasa, bayan nan ya zama lambu. Sai kuma daga 1977 aka riƙa rufe titin wajen duk Lahadi, babu mota sai masu ƙafa, to nan fa matasa suka samu fili, masu rawa da masu kiɗa da masu shiga iri-iri, kowa yazo ya nuna abin da ya haɗa a ɗakinsa. A 1998 aka daina rufe titin. Akwai wani mai ɗaukar hoto Shoichi Aoki da ya fara fitar da mujalla mai suna FRUiTS a 1997, ba komai a ciki sai hotunan yaran titin nan da bayanin abin da suka saka da inda suka samo shi, ita ta kai sunan Harajuku duniya, a 2017 ya daina buga ta yace masu gayun da zai ɗauka sun yi ƙaranci. Kaya masu araha na manyan kamfanoni irin su Uniqlo sun cika gari, haya tayi tsada ƙananan shaguna suna tashi, yaran kuma yanzu a waya suke nuna wankansu. Abin ya taɓa ni, don nima ina ganin yadda kayan kanti 'yan Chana suke janye mana 'yan mata daga ɗinki.

Ba duka na yaba ba fa, kar a ce na je na rikice. Da yamma da muka bi ta unguwar Shibuya wajen kantin kayan sawa na 109 naga siket da ko a ɗaki ba zan so 'yata ta saka ba, ga sanyi ya fara shigowa, na kawar da kai. Akwai kuma masu huda fuska ta ko'ina, wannan raina bai karɓa ba sam. Abin da na yaba shine kulawar, da yadda mutum yake zama yayi tunanin me ya dace da shi, kuma yarinyar nan mai shuɗiyar riga ta nuna min ana iya yin hakan a rufe ruf.

Washegari muka yi azahar a babban masallacin Tokiyo da ke Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa ne mai kyan gaske da aka sake ginawa a shekarar 2000, a sashen mata na haɗu da 'yan Indonesiya da wata 'yar Japan da ta musulunta ta yi lulluɓi da wani yadi mai zanen furanninsu. Daga nan tasha biyu ce zuwa Shimokitazawa, unguwar gwanjo. Eh gwanjo, su furugi suke cewa. Amma ba irin namu na Kofar Wambai da ake farke dila a zube a ƙasa kowa ya tona ba, nan an wanke an goge an jera kala-kala a hanga, mai shagon ya san shekarar da aka yi kowace riga da ƙasar da ta fito. Mu muna ɓoye cewa gwanjo muka saka, su alfahari suke da shi, don sun san babu mai irinta a gari, har wani tsohon jins ya fi sabo tsada nesa ba kusa ba.

A wani ƙaramin shago can ciki naga wata jaket a rataye a bango, shuɗiya, maho akan maho, ƙyalle ya fi talatin a jikinta duk an bi su da farin zare ɗinkin hannu layi-layi. Na ɗauka ta wani almajiri ce aka manta, mai shagon yace ba ta sayarwa bace ma. Sunan irin wannan boro, ɗinkin kuma sashiko. Manoman arewacin Japan ne suke yi a da, can da sanyi yayi yawa auduga bata fitowa, yadi yana da wuyar samu, to riga ɗaya sai ta bi kaka da uwa da jika ana ta yi mata maho, kowace ta ƙara nata. Da abin kunya ne na talauci, yanzu gidajen tarihi suke nema, matasa kuma suna kwaikwaya a jins ɗinsu. Shuɗin kuwa na baba ne sak irin na marinar Kofar Mata, na kai hancina ma ko zan ji warin karofi. Suma suna da rinin ƙulli, shibori suke kiransa, a ɗaure yadi da zare a tsoma a kwance zane ya fito, wanda duk ya taɓa zuwa marina a Kano ya san wannan aikin. Na daɗe tsaye gaban jaket ɗin nan, ina tuna wani tsohon zanen saƙi na kakarmu da muka bayar aka yi tsumma da shi.

Ana jibi zan taho na sa ƙanena ya kaini Nippori, layin 'yan yadi, shaguna kusan 90 a jere a titi ɗaya, nan ne ɗaliban ɗinki da masu haɗa kayansu da kansu suke sayayya. Su da mita suke awo ba yadi ba. Naga 'yan mata da ɗan littafi a hannu sun zana rigar da suke so suna gwada ƙyalle a jikin zanen. Kuɗina ba su da yawa, na sayi mita huɗu na shuɗin auduga, da leshin auduga fari irin na bakin rigar yarinyar nan, da zaren sashiko ƙulli biyar da allurarsa doguwa, sai almakashi ɗaya da har yanzu ban bari kowa ya taɓa min ba.

Akwai wata yarinya a shagona, shekararta 17, tana da son tsince ƙyallayen da muke zubarwa tana harhaɗawa, kwanaki ta haɗa wata 'yar jaket da ragowar atamfa kala bakwai da shadda a wuya ta saka ta zo aiki, sauran yaran suka yi ta mata dariya wai ta zama mahaukaciya, ni kuma na ce ta cire kar kwastoma su gani su ɗauka haka muke ɗinki. Ta cire ta cusa a leda, ban sake ganinta da ita ba. Tun a jirgin dawowa abin yake ci na. Ranar da na koma shago bayan an gama sannu da zuwa an raba tsaraba na kira ta gefe nace ina jaket ɗin nan? Tace tana gida Anti. Nace gobe ki zo min da ita a jikinki. Na ɗauko buhun ƙyallen da ke bayan ƙofa na ajiye mata kusa da kekenta, na bata ƙulli biyu na zaren da allurar, na nuna mata hoton jaket ɗin Shimokitazawa da yadda ake bin layin. Yanzu sati uku kenan, kullum in mun tashi ƙarfe biyar tana ƙara rabin awa, ta gama hannu ɗaya tana kan na biyu. Shuɗin yadin nawa kuma na yanka shi jiya da daddare, doguwar riga ce mai tattara a ƙugu, kalmasar da hannu zan yi.